"Ba a sarki biyu zamani ɗaya": ta dace da muhawarar Triniti?

Mai Nazari: Assalamu alaikum. Na ji wani ya kawo wannan karin magana don rushe aƙidar Triniti, wato imanin Kiristoci cewa Allah ɗaya ne, kuma Uba ne da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki. Ya ce idan ƙasa ba ta ɗaukar sarki biyu, ina ga uku a sama? Shin ya ajiye ta a muhallinta?

Almajirin Tauhidi: Wa alaikumus salam. A ganina ta zauna daidai, domin ba ƙidayar sarakuna take yi ba, karon iko take nufi. Malaman tauhidi suna da irin wannan hujja daga aya ta 22 a Suratul Anbiya, wadda ta nuna cewa da akwai wasu alloli ban da Allah, da sammai da ƙasa sun lalace. Idan ɗaya ya nufi abu, ɗayan ya nufi akasinsa, duk wanda nufinsa bai zartu ba gajiyayye ne, gajiyayye kuwa ba Allah ba ne.

Malama Mai Alli: Allah gafarta Malam, hujjar tana kama wanda ya ce alloli uku ne, mu Kiristoci kuwa ba mu faɗi haka ba. A taron shugabannin ikkilisiya na birnin Nikiya a shekarar 325, wanda Sarkin Rum Kustantin ya kira saboda koyarwar Ariyus na Iskandariya cewa Ɗan halitta ne, an tsayar da cewa zatin Ɗa da na Uba ɗaya ne, taron Kustantiniya na 381 kuma ya tabbatar da allahntakar Ruhu Mai Tsarki. Inda zati ɗaya ne, nufi ma ɗaya ne, babu mai ja da wani, don haka sarautar da karin maganar ke tsoron rabuwarta ba ta rabu ba tun farko.

Almajirin Tauhidi: To Malama, yaya za a yi da Linjilar Luka 22:42, inda Yesu ya roƙi a yi nufin Uba ba nasa ba? Ai ga nufi biyu ƙarara.

Malama Mai Alli: Wannan tambaya ta daɗe tana wahalar da ikkilisiya kanta, har sai da taron Kustantiniya na 680 zuwa 681 ya yanke cewa Almasihu yana da nufi biyu, na allahntaka da na mutuntaka, kuma na mutuntakar ne ya miƙa wuya a wannan addu'a.

Dattijo: 'Ya'yana, ni karin maganar nake karewa, ba ɓangare ba. An yi ta ne don masu neman kujera ɗaya, kamar Kustantin ɗin nan da Lisiniyus, waɗanda suka raba daular Rum har ɗaya ya murƙushe ɗaya a 324. Amma gardamar Triniti ta wuce nan. Tambayar mai nauyi ita ce wadda al-Kindi, masanin falsafa Musulmi, ya yi a ƙarni na 9: idan ukun sun haɗu a zati amma kowane yana da abin da ya keɓanta da shi, ashe kowannensu haɗaɗɗe ne, haɗaɗɗe kuwa yana buƙatar sababi, ba zai zama marar farko ba. Yahya bin Adi, Kiristan Bagadaza da ya rasu a 974, ya yi masa raddi da irin mantiƙinsa. Malama, ina son jin yadda ke za ki amsa wa al-Kindi.