Neman kalma: ralonjin da ke kare kayan sauti, mi za mu ce mashi?

Mai Shirin Fasaha: Assalamu alaikum ƴan uwa. Gobe da ƙarfe 9 ina da shiri a rediyo kan yadda mutum zai zaɓi abin da zai kare ampli da bafula da telebijin na gida in wuta ta dawo da ƙarfi. Abin nan mai kama da ralonji amma da kariya a cikinshi, wanda ake rubuta parafoudre ko parasurtenseur a kwalinshi. In na ce ralonji kawai, mai saurare zai tafi babbar kasuwa ya sawo na jikka guda ya ce ya gama. Ku agaza mani da kalma.

Ɗan Bagalam: Ralonji mai garkuwa. An wuce wurin.

Malamin Hausa: Ba a wuce ba, ɗana. Ralonji Faransanci ne. Ni tuni na raɗa mashi suna: dogarin wuta. Dogari na tsaye ƙofar fada, mai ladabi ya shiga, mai rashin kunya a tare shi.

Hajiya Mai Atamfa: Ni maganin aradu na ji yaran shago na cewa.

Injiniya: Hajiya, don Allah kar wannan ya shiga rediyo. In aradu ta faɗo kan wayar gidanki, ba ralonjin da zai tsaya mata. Da damina in kin ga hadari ya haɗo, zare fishi daga bango, har da wayar eriya. Bari in faɗi abin da ke ciki, sai ku san sunan da ya dace. Akwai wani ɗan faifai, galibi shuɗi, ana ce mashi baristo. Wutarmu bolt 220 zuwa 230 ce. In ta yi tsalle na ƙiftawar ido, shi ke kwashe rarar kafin ta kai ga ampli. Amma kowane bugu na rage mashi rai. Shi ya sa ake duba lambar jul a kwali, yawan ƙarfin bugun da zai iya sha ke nan. Na kayan sauti gara daga 1000 zuwa sama. A nemi mai ƴar fitilar kariya daban da ta makunni, don in baristo ya mutu wuta na ci gaba da wucewa, kai kana zaton kana da kariya.

Malamin Hausa: To ai dogari ke nan, Injiniya. Shi ke shan dukan don sarki.

Ɗan Bagalam: Malam, ka je shagon kayan wuta ka ce a ba ka dogari, ka ga kallon da za a yi maka.

Baƙon Kano: Mu can ekstenshan muke cewa. Ku saurari yadda BBC za su faɗa mana, su ne ma'auni.

Malamin Hausa: Ma'aunin wa? Mu Katsinawan Maradi sai mun jira Landan ta koya mana harshen kakanninmu? Tun 2025 Hausa ce harshen ƙasa a Nijar, amma har yanzu kunya muke ji mu raɗa wa abu suna. Kun kori ralonji kun kawo ekstenshan, an gudu ba a tsira ba.

Baƙon Kano: Yallaɓai, rediyon da za a yi shirin a ciki fa, wace Hausa ce?

Hajiya Mai Atamfa: Ku dai yi ta yi. Ni nawa na saye bara, amma da bazara in wuta ta yi sanyi ampli ɗin Alhaji sai ya riƙa ɗaukewa. Ina amfaninshi?

Injiniya: Wannan aikin regilata ne, Hajiya, wanda ƴan Najeriya ke kira sitabilaiza. Shi ke ɗaga wuta in ta yi ƙasa. Abin da muke magana ba ya ƙara ko bolt ɗaya. Kuma in wayar nitaral, wadda wuta ke komawa ta cikinta, ta tsinke a layi, wuta na iya haurawa kusa da 400 ta zauna, nan shi kanshi ƙonewa zai yi. Ƙanena mai shiri, ka ƙara da waɗannan: gidaje da yawa da nike shiga waya biyu ce a bango, ba wayar ƙasa, to kariyar ragaggiya ce. A duba bakin fishi, kayan da ke shigowa ta Jibiya masu ƙafa uku ne masu kusurwa, namu masu zagaye ne. Kar a cusa da ƙarfi har ya riƙa tartsatsi. Ralonji mai amfiya 16 na ɗaukar wat 3680 in wayarshi ta gaske ce, amma firij da dutsen guga a nema masu wurinsu daban.

Mai Shirin Fasaha: Allah ya saka, Injiniya. Ke nan sunan kar ya yi alkawarin abin da ba ya iyawa. Aradu ta fita. Mi kunka gani da "matarin tsallen wuta"?

Ɗan Bagalam: Ya yi tsawo. Kafin ka gama faɗi wuta ta tafi.

Malamin Hausa: Matari aƙalla ginin Hausa ne, kamar mabuɗi da marufi. Amma bai kai dogari armashi ba.

Mai Shirin Fasaha: To ga abin da zan yi. Farkon shiri in ce ralonji mai garkuwa don mutane su gane abin da za su nema a shago, wurin bayani in ce matarin tsallen wuta. Malam, zan ambaci dogari sau guda in ce wani dattijo ya ba mu.

Malamin Hausa: Sau guda dai? To. Amma in masu kira sunka riƙe dogari, a dawo nan a faɗa.

Injiniya: Kar ka manta da ƴar fitilar.