Shin wahalar da ake sha a Sakkwato horon Ubangiji ce?

Dattijon ikilisiya: Salama a gare ku. Abin da na faɗa bayan sujada ranar Lahadi bai yi wa wasu daɗi ba, amma ina nan a kan bakana. Ta'asar 'yan bindiga a Isa da Sabon Birni, da tsadar nan da ta hana mu sakat, horo ne daga Ubangiji. Shi ne Sarki, ba a yin komai a bayan idonsa. 2 Tarihi 7:14 ta nuna mafita: jama'arsa su ƙasƙantar da kai, su bar mugunta, shi kuma ya warkar da ƙasarsu.

Shugabar zumuntar mata: Baba, ku gafarce ni, ban yarda ba. Akwai wata baiwar Allah da ke zuwa ƙofar gidana da goyo a baya, ƙafa duk faso, an kashe mijinta a gona. In ta karɓi tuwo sai ta fara ba yaran, ita ta suɗe kwanon. Wane zunubi ta yi da ya fi nawa? Mutum fiye da 40 da aka kashe a kasuwar Goronyo a Oktoban 2021 fa, cefane da neman halak ya kai su.

Dattijon ikilisiya: 'Yata, ban ce laifinta ba ne. Laifin ƙasa ne baki ɗaya: cin hanci, ƙarya, zubar da jini.

Malamin makarantar Lahadi: Baba, an kawo wa Yesu irin wannan zance a Luka 13. Aka ba shi labarin Galilawan da Bilatus ya kashe, shi kuma ya ƙara da mutum 18 da hasumiyar Siluwam ta faɗo wa. Ya tambaya ko sun fi sauran mutane zunubi, ya amsa da kansa cewa a'a.

Dattijon ikilisiya: Ƙarasa ayar mana, Malam. Ai cewa ya yi in ba su tuba ba, su ma za su hallaka.

Malamin makarantar Lahadi: Gaskiyarku. Amma wa ya faɗa wa? Masu rai da ke tsaye gabansa suna ba da labari. Bai yanke wa matattu hukunci ba. Abokan Ayuba sun dage cewa laifinsa ne ya jawo masa, a sura ta 42 su ne Ubangiji ya yi fushi da su. Mu tuba, ƙwarai kuwa, don mu ke da buƙata. Amma kada mu ɗora wa gwauruwa nauyi kan nauyi.

Wani matashi: Ni abin da ke cina daban ne. In Ubangiji Sarki ne, me ya hana shi tsawata wa 'yan bindigar? Mun yi azumi, mun kwana addu'a, har yau ana biyan kuɗin fansa.

Shugabar zumuntar mata: Ɗana, ban raina tambayarka ba, Annabi Habakkuk ma ya yi ta. Ka karanta Daniyel 3. Su Shadrak sun gaya wa Sarki Nebukadnezzar Allahnsu yana da ikon cetonsu, kuma ko bai cece su ba, ba za su yi wa gunki sujada ba. Littafin Makoki ma cikin kangon Urushalima aka ce jinƙansa sabo ne kowace safiya.

Dattijon ikilisiya: To shi mai Makokin ai ya amsa cewa zunubin birnin ne ya jawo. Ban janye ba. Amma na karɓi gyaran Malam, ba zan faɗi haka a gaban wanda aka yi wa rasuwa ba.

Shugabar zumuntar mata: Mun gode, Baba. Mai kwanon gero ko tsofaffin zannuwa ya kawo majami'a ranar Laraba, mata za su raba wa 'yan gudun hijira, Kirista da Musulmi.