Ƙanwata kurma ce, haihuwa ta matso, wa zai yi mata tafinta a asibiti?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema, don Allah wanda ya san kan lamarin ya taimaka.

Ƙanwata kurma ce, sanƙarau ne ya ɗauke mata ji tun tana ƙarama. Tana aure a unguwar Mabera da ke Sakkwato, cikin fari ne da ita, ya shiga wata na bakwai. Ni nake raka ta awo wani asibitin gwamnati a nan cikin gari, abin da nas ta faɗa sai in mayar mata da hannu. Ranar da ban samu zuwa ba ta zauna tun safe har azahar, ashe an kira sunanta an wuce ba ta sani ba. Aka ba ta magani, babu wanda ya nuna mata yadda za ta sha.

Abin da ke hana ni barci shi ne ranar naƙuda. An ce ba a barin dangi su shiga ɗakin haihuwa. To idan aka ce ta yi nishi ko ta dakata, yaya za ta gane? Idan abin ya kai ga tiyata, wa zai bayyana mata takardar da za ta sa wa hannu? Akwai doka a kan haka, ko alfarma za mu roƙa?

Wani lauya, Gawon Nama: Hajiya, haƙƙi ne, ba alfarma ba. Akwai dokar tarayya ta hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman, ta shekarar 2018, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019. Ta ce asibitin gwamnati da ke duba mai matsalar ji ko magana dole ya tanadi hanyar sadarwa ta musamman dominsa. Ta kuma ce a layi su za a fara saurara, wanda ya saɓa wannan tararsa naira 50,000 ko ɗaurin wata 6, ko duka biyu. Wariya kuwa tararta naira 100,000 ga mutum, miliyan 1 ga kamfani. Amma ba kotu kike buƙata yanzu ba, wata biyu ne a gabanki. Ki rubuta takarda zuwa ga shugaban asibitin, ki ce ƙanwarki kurma ce, kuna neman a kawo tafinta ko a amince da wanda za ku kawo. Ki yi kwafi biyu, a buga miki hatimi a kan ɗaya ki riƙe. Maganar baki tana tafiya da wanda ya tashi daga aiki. In suka yi shiru, ofishin Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa da ke nan Sakkwato yana karɓar koke kyauta.

Ma'aikaciyar jinya, Arkilla: Yaya, na yi aiki a ɗakin haihuwa, kuma gaskiya yawancinmu ba a koya mana maganar hannu ba. Hana dangi shiga don suturar sauran mata ne, shi ya sa mace ɗaya mai yin tafinta ba kasafai ake hana ta ba idan an shirya tun da wuri. Kada ki bari sai cikin dare kuna bakin ƙofa. Ranar awo mai zuwa ki nemi shugabar ɗakin, ki roƙe ta ta rubuta a saman katin da babban rubutu cewa mai katin ba ta ji, kuma an yarda mai rakiya ta shiga. Ku tsara alamu kaɗan tun yanzu: yi nishi, dakata, numfasa, juya, ina ke ciwo. Sannan a gaya wa ma'aikata su riƙa fuskantarta, su sauke takunkumi in za su yi magana, su taɓa kafaɗarta kafin su taɓa jikinta. Mafi muhimmanci, ki tabbatar ta san alamomin haɗari da kanta: ciwon kai mai tsanani, gani dishi-dishi, kumburin fuska da hannuwa, zubar jini, ko yaro ya daina motsi. Jijjiga ba ta jiran a nemo tafinta.

Wata dattijuwa, Ƙofar Marke: Ɗiyata, mu duk gida munka haihu, kuma kurame da yawa gida sunka haihu lafiya. In wahala ta yi yawa ku kira unguwarzoma, ga ki kusa da ita.

Ma'aikaciyar jinya, Arkilla: Inna, Allah ya ƙara girma, amma ban goyi bayan wannan ba. Cikin fari ne, ba a san yadda zai zo ba. Rashin jinta bai kamata ya zama dalilin da za ta rasa likita ba.

Malamin kurame, Runjin Sambo: Tambaya ɗaya, Hajiya: ta yi makarantar kurame, kamar ta A. A. Raji? Maganar hannu ba iri ɗaya ba ce. Wadda ake koyarwa a makarantu tushenta daga Amurka ne, ita kuwa wadda kuramenmu ke yi a gida da kasuwa ta Hausa ce, alamunta daban. Kina iya kawo ƙwararren tafinta su kasa fahimtar juna. Ki haɗa su tun yanzu su gwada. Ta wajen ƙungiyar kurame ta jiha ko JONAPWD, wato haɗaɗɗiyar ƙungiyar masu buƙata ta musamman ta ƙasa, za ki samu wanda ya dace, kuma ki nemi mace.

Wata kurma, uwar yara, Tudun Wada: Na karanta duka. Kowa yana magana da yayarta, ita fa an tambaye ta? Lokacin haihuwata likita mijina yake kallo, shi ake tambaya, ni ina kwance kamar ba jikina ba. Akwai abin da mace ba za ta faɗa a gaban yayarta ba saboda kunya, sai ta ɓoye ciwo. Yaya, ki tambaye ta wa take so ya shiga da ita. In tana karatu, a ba ta takarda da biro, likita ya rubuta mata kai tsaye. Kuma takardar tiyata kada kowa ya sa hannu a madadinta matuƙar tana cikin hayyacinta.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Malam, ta yi firamare a makarantar kurame, tana haɗa alamun biyu, kuma tana karanta Hausa. 'Yar uwa ta Tudun Wada, na je na tambaye ta. Ta ce ni take so a ɗakin haihuwa, amma wajen ganin likita ta fi son wata ƙawarta da suka yi makaranta tare, mai ɗan sauran ji. Barista, takardar da sunan wa za a rubuta, nawa ko nata?

Wani lauya, Gawon Nama: Da sunanta, ita za ta sa hannu. Ki sa sunanki da na ƙawar a matsayin masu tafinta, ɗaya in ba ta samu ba ɗaya ta shiga.