Tururin waya da binciken ɓeraye: me ya kamata a saya?

Maman Ummi, Mabera: Assalamu alaikum 'yan zaure. An turo mini saƙon murya cewa an gwada tururin waya, wato igiyoyin rediyo da waya ke fitarwa, a jikin ɓeraye, ya lalata musu ƙwayoyin halitta na DNA. Ɗiyata da waya take kwana ƙarƙashin matashi, hankalina ya tashi. Wani yana tallar sitika da ake mannawa a bayan waya, wai tana tare tururin. In saya?

Malam Bello, Runjin Sambo: Wa alaikumus salam Hajiya. Binciken gaskiya ne, amma saƙon ya yanke rabin magana. Hukumar NTP ta Amurka, mai binciken abubuwan da ke cutar da lafiya, ita ce ta yi shi, ta fitar da rahoto a 2018. Sun sa ɓeraye cikin ɗakunan gwaji, tururi irin na 2G da 3G yana dukan duk jikinsu kusan awa 9 kullum, har tsawon shekara 2. An samu ƙari mai cutar daji a zuciyar wasu ɓeraye maza, matan kuwa ba a ga hakan a fili ba. An kuma ga alamar karyewar DNA a wasu sassan ƙwaƙwalwa da ƙwayoyin jini, sauran sassan lafiya lau. Abin da ya ɗaure wa masu binciken kai, mazan da aka yi wa gwajin sun fi waɗanda ba a taɓa ba tsawon rai. Ƙarfin tururin ma ya kai wat 6 a kowane kilo na jiki, mu kuwa gefen kai kawai wayar ke shafa, da ƙarfin da bai kai haka ba.

Maman Ummi: To Malam, ke nan babu komai?

Malam Bello: Ban ce haka ba. Tun 2011 cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa tururin waya a rukunin 2B, wato mai yiwuwa ne ya jawo ciwon daji, amma ba a tabbatar ba. Tururin waya ba irin na hoton ƙashi ba ne, ba shi da ƙarfin tsinka DNA kai tsaye. Taka tsantsan dai kyauta ne.

Sani mai gyaran waya: Hajiya, don Allah kar ki sayi sitikar nan. Ina ɓanɓare su kullum a shago, 'yar leda ce mai ƙyalli. In ma ta rufe eriya, wayar ƙara ƙarfi take yi don ta kamo sabis, batir ya yi zafi. Ki saya mata iyafis mai igiya, ya fi sitikar arha.

Anti Rabi, Arkilla: Ni a gidana ƙarfe 10 na dare kowa ya kawo tasa kan tebur a falo. Barcin yaran ma ya gyaru.

Sani: Sannan duk inda sandar sabis ɗaya ta rage, kamar in an bi hanyar ƙauye, a nan waya ta fi fitar da tururi. A buɗe sifika ko a jira sabis ya dawo.

Maman Ummi: Allah ya saka da alheri. Sai dai ita da ƙararrawar wayar take tashi Asuba.

Anti Rabi: Ta sa ta a yanayin jirgi, ƙararrawa za ta buga ko babu sabis. Ta aje ta kan durowa nesa da gado, dole ma ta miƙe kafin ta kashe.