Injin niƙa a ƙauyenmu: jama'ar za ta riƙe shi kuwa?

Ɗan Ringim: Assalamu alaikum. Kuɗin sallamata sun fito, ina so in kafa injin niƙa a ƙauyenmu. Mai unguwa ya ce gida 180 ne, amma da an kai amfani gida samari sai su watse cirani, Legas, Fatakwal, Abuja, a bar tsofaffi da mata da yara har faɗuwar ruwa. Babu wuta, da dizal zan yi. Wanda ya taɓa gwadawa a ƙaramin gari irin wannan ya ba ni shawara.

Abban Sadik: Wa alaikumus salam. Sayi sola ka buɗe wajen cajin waya, ka huta.

Maman Hanifa: Malam, gida nawa ba shi ne lissafin ba, tukunya nawa ake ɗorawa? Gidan gandu ɗaya a garinmu sai ka tarar da mutum talatin. Kuma samarin da suka tafi ai ba su ke kai niƙa ba.

Tsohon Mai Inji: Ni na yi, ban ji da daɗi ba. Garinmu ya fi naku girma, amma kowa ɗan'uwa ne. Yarinya za ta dire kwano biyu na gero ta ce wai in ji Goggo a rubuta, sai Yaya ya aiko daga Legas. Littafi ya cika, dutse ya cinye, ga kuɗin mai. Ranar da na ce ba bashi, har gida aka kai ƙarata wajen mahaifiyata. Wata tara na sayar da shi rabin kuɗi, har yau akwai masu amsa gaisuwata a daƙile.

Abban Sadik: Nawa ka saya? Na ji dubu 900 yanzu.

Kanikawa: Wace shekarar? Miliyan ɗaya da rabi ma ba za ta haɗa maka kan niƙa da inji da rumfa ba.

Tsohon Mai Inji: Na hannu dubu 600 ake samu.

Kanikawa: Shi ya sa naka ya mutu, Alhaji.

Maman Hanifa: Ku da ke Kano rabonku da kwana a ƙauye tun yaushe? A bar waɗanda ke zaune su yi magana.

Kanikawa: Hajiya, ni nake gyara injinan nan, na fi mai zama sanin cikinsu.

Na Gwaggo: Ɗan Ringim, ƙara aure uku kawai, ka samar wa kanka kwastomomi.

Malamin Firamare: In adadi kake so, nemi masu rigakafin shan inna, waɗanda ke rubutu da alli a ƙofar gida. Sun fi gwamnati sanin yawanku. Rabon Najeriya da ƙidaya tun 2006, ta 2023 kuma aka ɗage. Ajina ɗaya yara sun fi ɗari, amma a takarda mu ɗan ƙauye ne, malamai uku aka ba mu.

Maman Hanifa: Mu ko ɗakin shan magani babu. Mai naƙuda a amalanke ake fita da ita. Amma ranar zaɓe sai a san da yawanmu.

Tsohon Mai Inji: Lokacin haraji dagaci ya san kan kowane magidanci. Tunda Gwamna Abubakar Rimi ya soke shi a tsohuwar jihar Kano, wa ya sake ƙirga mu?

Kanikawa: To a dawo da harajin mana, mu ga wa zai fara gudu.

Ɗan Ringim: Jama'a, maganar injin fa?