Wasan Brecht a Tudun Wada: a tausaya wa matar nan ko a ji haushinta?

Sabo_TudunWada: Assalamu alaikum jama'a. Ni ke kula da ƙungiyar wasan kwaikwayo ta matasan unguwarmu, kuma mun ɗauko Mother Courage na Bertolt Brecht, Bajamushen nan, muna mayar da shi Hausa. Labarin Anna Fierling ne, wadda ke jan amalanke tana bin sojoji da takalma da giya na sayarwa a Yaƙin Shekara Talatin (1618 zuwa 1648), har yaƙin ya cinye 'ya'yanta uku. Yarinyar da muka sa ta fito a uwar ta iya kuka, masu leƙen gwaji ta taga ma sai ka ga suna share ƙwalla. Wani ya ce min Brecht ba haka yake so ba. To in ba a tausaya wa uwar da ta rasa 'ya'ya ba, me za a yi mata?

Hajiya_Binta: Wa alaikumus salam Malam Sabo. Mai gaya maka bai yi ƙarya ba, a Zariya an sha jan kunnenmu kan wannan. Brecht ya tsere daga Jamus a Fabrairun 1933, washegarin ƙona majalisar dokoki, ya rubuta wasan a Suwidin a 1939 yana gudun hijira, daidai lokacin da Hitila ya afka wa Polan. Da aka fara nuna shi a Zurik a 1941, 'yan kallo suka yi ta jinjina wa uwa mai haƙuri. Abin ya ƙona masa rai, sai ya gyara wasu wurare kafin a nuna shi a Balin a 1949, matarsa Helene Weigel ta fito a uwar.

Duba inda matar take duk sanda aka yi mata rashi. Tana cinikin maɗaurin bel aka janye babban ɗanta Eilif zuwa soja. Ɗanta na biyun da sojoji suka kama shi, kuɗin fansarsa 200 ne, ta tsaya tayi a 120 don kada amalanken ya salwanta, kafin ta sallama an harbe shi. Da aka kawo gawar ta girgiza kai, wai ba ta san shi ba. 'Yarta Kattrin, bebiya, ta hau rufin ɗaki tana buga ganga don ta tashi mutanen garin Halle, aka harbo ta, uwar na cikin gari saro kaya da araha. Wannan yake so a gani. Kuka yana rufe ido.

Baba_KasuwarBarci: Hajiya, da girmanki, ban yarda duka ba. Mu da muka ga dokar hana fita a garin nan mun san mai tebur bai ƙirƙiro rikici ba. In ta bar amalanken, da me za ta ci da yaran? Shi Brecht ɗin ai bai tsaya ba, daga Finlan ya bi ta Rasha ya sauka Kalifoniya a 1941. Talaka kuwa ba shi da biza.

Hajiya_Binta: Baba, ai tambayar taka ita yake so a fita da ita. Amma ka tuna da aka ce an yi sulhu, kuka ta yi wai zaman lafiya zai karya ta, don ta riga ta saro kaya.

Ɗan_Kawo: Malam, kada ka wahalar da yaran da dogon turanci. Ka ce su tuna tashe: yaro ya maƙala gemun auduga yana dogara sanda, kowa ya san yaro ne, ana dariya kuma ana gane wanda ake wa shaguɓe. Brecht yakan sa a rubuta abin da zai faru kafin kowace fitowa, a bar fitila tarwai, a katse labari da waƙa. Ku samo kwali da alƙalamin maka ku rubuta, yaro ɗaya ya ɗaga. Wurin binne Kattrin kuma, Weigel takan ƙirga kuɗin da za ta ba manoman da za su binne ta, ta zare ƙwandala ɗaya ta mayar jaka. Ku gwada wannan a madadin kukan.

Sabo_TudunWada: Na gode ƙwarai. Ranar Asabar za mu gwada na ƙwandalar. Baba, ka zo ka zauna gaba, bayan wasa za mu buɗe muhawara. Saura amalanke: akwai mai tsohuwar kurar ruwa da zai ara mana?