Tambaya kan zuwa ganin goggon biri a dajin Bwindi

Salamu alaikum jama'a. Ni da yayata muna shirin zuwa dajin Bwindi na Uganda ganin goggon biri, takardar izininmu kuma ta ɓangaren Rushaga ce, can kudu. Hanya ce ta tsaya mana. Daga Entebbe, inda babban filin jirgin saman Uganda yake, tafiyar wuni guda ce a mota, ita kuwa Yaya gwiwa na damunta, ga hawan dutse na jiranta a dajin. Daga Kigali, babban birnin Ruwanda, ya fi kusa sosai, ta iyakar Cyanika da ke tsakanin Ruwanda da Uganda, amma sai mun ratsa ƙasa biyu.

Bizar yawon buɗe ido ta Gabashin Afirka, mai dala 100, za ta wadatar da shiga da fita? Kuma masu ɗaukar mutum a kujera su hau dutse da shi a dajin, kwana nawa kafin tafiya ake neman su? Don Allah wanda ya bi hanyar ya taimaka.